Ana buɗe tallan gidana ana wucewa, don Allah ku ba ni shawara

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a sake min wannan, abin ya fara hana ni barci. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka raba gado, ni da ƙanwata muka samu gidan Tarauni. Yayanmu ya dage mu sayar, ni kuma na ce gidan da Baba ya gina da guminsa ba za a sayar ba ina numfashi. Aka yi ta kai ruwa rana, sai da kawunmu ya zo daga Gaya ya sasanta mu, na biya ƙanwata rabonta da kuɗin adashi da sarƙata da na sayar. Wata ƙawata a Abuja ta ce kar in ba da hayar shekara, in mayar da shi shotlet, wato gidan da baƙo ke kamawa na 'yan kwanaki, tunda muna kusa da Asibitin Malam Aminu Kano kuma biki ba ya ƙarewa a garin nan. Na yi fenti, na sa tayil, na zuba gadaje da kujeru da firji, labule ma daga Kwari na yanko. Na sa talla a Airbnb, manhajar kama masauki, da Instagram. Ina gani ana buɗewa, wasu har su ce "akwai wuri?", ina amsawa sai shiru. Yaya ya fara cewa ai dama ya faɗa. Me ke sa matafiyi ya ga gida ya wuce?

Ummu Sultan: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Amma Hajiya ba ki faɗi nawa kike karɓa ba, ko ɗaki nawa ne.

Alhaji Dillali: Hajiya, na daɗe a harkar gidaje, kuma ba sai na ga tallanki ba zan gaya miki matsalar. Baƙo abu uku yake nema kafin ya kalli labule: wuta, ruwa, tsaro. In bai ga amsarsu a layin farko ba, yatsa ɗaya zai sa ya wuce. Rubuta "akwai wuta" ba magana ba ce a Kano. Sola ce? Tana ɗaukar AC ko fanka kawai? Janareta ne? Wa ke sayen mai? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu wanda ke yarda da alƙawarin janareta sai an faɗa masa ƙarfe nawa ake kunnawa, ƙarfe nawa ake kashewa. Mutum ya kawo tsohuwarsa asibiti a watan Afrilu, cikin zafin nan, kina jin zai yi caca da dare?

Maman Khalil: Alhaji akwai inbata, tana ɗaukar fanka da fitila da firji. Ban rubuta ba ne don duk mai so ai zai tambaya.

Alhaji Dillali: Ba zai tambaya ba, ranki ya daɗe. Ga wasu gidaje a ƙasan naki da suka riga suka rubuta.

Injiniya Musa: A ƙara da wannan: ki duba ko layinku Band A ne. Su ne aka ce za a ba wuta awa 20 a rana, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗinsu naira 225 kan kowane yunit. In a nan kike, abin talla ne, ki faɗa. Sai dai ki yanke tun wuri wa zai sayi katin mita, don baƙo na kunna AC ya fita yawonsa.

Ummu Sultan: Ni abin da ya sa na daina kama irin gidajen nan ke nan. Mun je bikin ƙanwar maigidana Kaduna, hoto ya nuna falo kamar fili, muka iske kujera biyu sun cika shi. Famfon banɗaki na ɗiga an ɗaure shi da leda, katifa na warin sanyi. Kuɗin ajiyar da suka karɓa wai ko za a yi ɓarna, har yau ina bin su, mai gidan ya daina ɗaga wayata. Yanzu in ban ga bidiyo daga ƙofar gida har banɗaki ba, otal zan nufa.

Maman Khalil: Ni hoton falo da ɗakin kwana na sa. Ba zan sa hoton ƙofar gida ko layinmu ba, a zamanin nan? Kowa ya san yadda tsaro yake.

Alhaji Dillali: To ai shi ma baƙon tsoron da kike ji yake ji. Ba a ce ki sa lambar gida ba. Ki nuna get, ki nuna inda zai ajiye mota, ki ce akwai maigadi in akwai. Kuma hoton banɗaki da kicin dole ne, da rana a ɗauka, a buɗe taga. Duk wanda ya ɓoye banɗaki, mu a wurinmu akwai abin da yake ɓoyewa. Sannan Airbnb ɗin nan ki rage dogaro da shi. Wajen 2022 bankuna da yawa suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai 2025 wasu suka dawo da shi, mutanenmu sun saba da tiransifa da WhatsApp. Ki nemi direbobin filin jirgi da masu shirya biki ki riƙa ba su la'ada.

Sadiya daga Landan: Alhaji a nan ban yarda ba. Mu da ke zuwa hutu da yara, a manhajar muke kamawa, don ba za mu tura wa wanda ba mu sani ba kuɗi a WhatsApp. Abin da muke dubawa shi ne sharhin waɗanda suka kwana. Gidan da ba shi da ko ɗaya ina tsallake shi. Anti ki sauke farashi na ɗan lokaci ki samu baƙin farko su rubuta miki. Kuma ki riƙa amsawa da wuri, manhajar na lissafa wanda bai amsa cikin awa 24 ba.

Alhaji Dillali: Kar ki sauke ko sisi. Araha ita ke jawo 'yan shaye-shaye da masu fati, maƙwabta su kira miki Hisbah.

Maman Khalil: Shi ya sa duk wanda ya tambaya nake fara gaya masa sharuɗɗa: mace da namiji sai da shaidar aure, ba baƙi bayan isha'i, ba kiɗa, kuma a biya kuɗin ajiya kafin in faɗi unguwa. Gidan mahaifina ne.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, ni fatake nake kawowa Kwari da Dawanau. Shaidar aure ba wanda zai yi musu da ke. Amma ɗan kasuwa bayan isha'i yake lissafi da abokin cinikinsa. Kuma wa zai biya kuɗi bai san unguwa ba? A nan ake yi miki shiru.

Maman Khalil: Malam, ƙawata ta Abuja haka take yi, kuma gidanta ba ya zama ba kowa.

Anti Larai: Ni dai da kin ba da hayar shekara kin huta. Ko da yake ni ɗan hayata shekara biyu ke nan bai biya ba, muna ta zaryar kotu, har ƙofar ɗaki ya cire ya sayar.

Ummu Sultan: Har yanzu dai ba ki faɗi farashin ba, Hajiya.

Maman Khalil: Farashin ba shi ne matsalar ba, na san abin da na kashe. Alhaji, in na sa hoton get ɗin amma na bar sharuɗɗan yadda suke fa?