Azumi da ƙananan yara a gida: yaya kuka yi?

Maman Uku:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mata, barkanmu da shan ruwa. Yau azumi tara, amma izifi biyar kacal na karanta, alhali kafin in yi aure nakan sauke Alƙur'ani sau biyu a cikin watan. 'Ya'yana uku ne: babban shekararsa bakwai, mai bi masa huɗu, ƙaramar kuma watanta takwas, tana shan nono. Da na tashi haɗa sahur sai jaririyar ta farka, kafin in lallashe ta an kusa kiran assalatu, da rana kuma babu damar rama barci, domin cikin ɗan shekara huɗu bai san watan da ake ciki ba. Sallar asham kuwa ban taɓa idar da ita cikin natsuwa ba tun da watan ya kama. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su ba ni labarin yadda suka yi.

Maman Tagwaye:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da maganar shayarwa, domin a nan na sha wuya. Shekarar da na haifi tagwayena na dage sai na yi azumi duka, saboda kunyar a gan ni ina cin abinci da rana. Zuwa kwana na shida nonona ya ja baya, yaran suna kwana kuka, ni kuma jiri yana ɗibata duk lokacin da na miƙe. Da maigidana ya kai maganar wurin malami, sai ya karanto masa hadisin Anas ɗan Malik Al-Ka'abi, cewa Allah Ya ɗauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi, ya kuma bayyana masa cewa a mashhurin mazhabar Malikiyya mai shayarwar da ta sha azumi don tsoron cutuwar ɗanta za ta rama kuma ta ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana, su kuwa Hanafawa ramuwa kaɗai suka ɗora mata. Na sha kwana goma sha tara a shekarar, na riƙa ramawa Litinin da Alhamis bayan cin abincin yaran ya kankama, ban gama ba sai cikin Sha'aban. Na rage jin nauyin wannan jinkiri da na san cewa Nana A'isha ma takan kai Sha'aban kafin ta rama nata. Ban ce ki sha azumi ba, domin jiki ya bambanta, akwai masu shayarwa da ke yi lafiya ƙalau. Ki dai lura da fitsarin yarinyar da yadda take ƙoshi, ki kuma tuntuɓi likita idan kin ga canji.

Ummu Yara:
Ni kuskurena a kan babban ɗana na yi shi. Yana ɗan shekara bakwai na ɗora masa azumin yini guda, ina alfahari da shi a gaban baƙi, har ranar da na lura alwalarsa ta yi yawa, kuma kowace kurkurar baki ba ta dawowa waje. Da na tambaye shi ya rantse bai sha ba. A ranar na gane cewa ƙarya na koya masa, alhali azumi bai wajaba a kansa ba sai ya balaga. Na mayar da shi zuwa azahar, na kuma gaya masa cewa duk sa'ar da ya gaji ya zo ya faɗa mini, ba zan yi faɗa ba. A ƙarshen watan da kansa ya cika kwana uku. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke sa yaransu azumin Ashura, suna yi musu abin wasa na ulu domin ya ɗauke musu hankali idan sun yi kukan yunwa har lokacin buɗa-baki. Ashe dabara suke haɗawa da horon, ni kuwa tsawa kawai na ɗauka.

Maman Auta:
Game da karatu, mus'hafin Madina shafi 604 ne, wanda ya karanta shafi huɗu bayan kowace farilla zai ci izifi biyu a yini. Na gwada, amma na la'asar da na magariba ba su taɓa yiwuwa ba a gidana. Yanzu ina karanta abin da ya samu bayan asuba, sauran in saurara a waya ina aiki.

Kakar Jikoki:
'Yata, ni na yi renon takwas, kuma kusan shekara ashirin ban san asham a masallaci ba. A ɗaki nake yi, raka'a biyu-biyu, in sallame in duba mai kuka in dawo, wani daren raka'a huɗu ce rabona. Manzon Allah (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Abu ɗaya nake nadama, shi ne ban taɓa buɗe baki na nemi maigida ya riƙe mini su ko na awa ɗaya a goman ƙarshe ba. Na ɗauka rashin kunya ne, shi kuma bai san ina so ba.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya Kakar Jikoki, maganarki na bi: daren jiya na yi wa baban yaran magana, ya amince zai riƙe su bayan ya dawo daga masallaci a dararen mara na goman ƙarshe. Babban kuma na ce masa ya tsaya a azahar, ya ɓata rai, ya ce shi sai la'asar, a kan haka muka daidaita.