Tambaya a kan buga wa sigar manhaja tambari a Git

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum, malamaina. Na rubuta wata ƙaramar manhaja mai mayar da kwanan watan Hijira zuwa na Miladiyya, na ajiye ta a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu, domin kowa ya ɗauka kyauta, na buga mata tambarin v1.0, wato sunan da ake liƙa wa siga domin a gane ta. Bayan kwana biyu na gano kuskure a lissafin watan Zulhajji, sai na gyara, na goge tambarin, na sake buga shi a kan gyaran. Yanzu abokina da ke Daura yana samun sakamako dabam da nawa, alhali kuwa dukkanmu v1.0 muke gani. Don Allah ina matsalar take?

Malam na Gobarau: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar tana wajen sauya wa tambarin wuri da ka yi, domin Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen aiki, ba ya maye gurbin tambarin da ya riga ya sauka a kwamfutar wani sai mai ita ya tilasta masa, saboda haka abokinka tsohon aikin yake riƙe da shi da sunan sabo. Ka bar v1.0 yadda take, ka fitar da gyaran da sunan v1.0.1. Tsarin ba wa siga lamba da masu sakin manhaja kyauta da yawa suke bi shi ne SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta. Lambobi uku ne: ta ƙarshe tana ƙaruwa idan kuskure aka gyara, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da an ɓata na da ba, ta farko kuwa sai idan canjin zai karya aikin waɗanda suka dogara da manhajar. Tsarin ya kuma shardanta cewa sigar da aka riga aka saki ba a sake taɓa ta, kuma a ganina wannan sharaɗin ya fi duk sauran nauyi.

Yaya daga Daura: Ina ƙara wa bayanin Malam abu biyu. Ka riƙa amfani da `git tag -a v1.0.1 -m "gyaran Zulhajji"`, domin irin wannan tambarin yana ajiye sunan wanda ya buga shi da ranar da kuma dalilin, kuma shi ne `git describe`, umarnin da ke nuna sigar da kake kai, yake dubawa. Sannan `git push`, umarnin tura aiki zuwa GitHub, shi kaɗai ba ya tura tambari, sai ka rubuta `git push origin v1.0.1`. Ni kaina na taɓa kwana uku ina zaton na saki sabuwar siga, ashe tana zaune a kwamfutata.

Hajiya Mai Lissafi: SemVer ba dole ba ne, domin Ubuntu, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, shekara da wata take bi, 24.04 ma'anarta Afrilun 2024. Amma tunda wasu za su gina nasu aikin a kan manhajarka, shawarar Malam ta fi dacewa da kai.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura v1.0.1 yanzu, na kuma roƙi abokina ya sauke ta ya gwada 29 ga Zulhajji.