Masu sauraron rediyo ta intanet: da wace manhaja kuke ji, data nawa take ci muku?

Tela_Herwagana:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, daga safe har la'asar kunnena yana kan rediyo, kuma tashoshin Kano da Kaduna da nake so akwatina ba ya kama su a nan Gombe, dole sai ta waya. Manhajar da nake da ita sai ta gama talla kafin ta buɗe tasha, data kuma kafin in ankara ta ƙare. Don Allah kowa ya faɗi abin da yake amfani da shi da yadda ya same shi.

Mai_Gyaran_Waya_Pantami:
Wa alaikumus salam Malam. Datar nan ba manhaja ce ke cin mafi yawanta ba, nauyin sautin da tasha ke turowa ne, wato lambar nan da ake rubutawa da kbps. Tasha mai 128 kbps tana cin kusan 58MB a awa guda, mai 64 kusan 29MB, mai 32 kuwa 14MB da ɗoriya. Idan kana yin awa 8 a shago, ta farkon ta kwashe maka 460MB kenan a wuni, ta ƙarshen 115MB.

Sai kuma nau'in sautin. MP3 shi ne tsohon hannu, Jamusawan Fraunhofer suka yi jagorancin ƙirƙiro shi, babu na'urar da ba ta karanta shi. Amma da an rage shi ƙasa da 64 murya ta fara dishewa. AAC+ kuwa don ƙaramin nauyi aka yi shi, a 32 ko 48 labarai da wa'azi suna fita tas. Akwai kuma Opus na 2012, shi ne WhatsApp ke naɗar saƙon murya da shi, sai dai tashoshin da ke watsa shiri da shi ba su da yawa. Ni dai manhajar VLC nake sa wa duk wanda ya kawo min waya da wannan kuka: kyauta ce, ba talla, tana karanta dukkansu, kuma ko ka rufe fuskar waya ba ta tsayawa.

Direban_Dukku:
Nawa ciwon ba data ba ne, yankewa ce. Ina jigila tsakanin Gombe da Dukku, da an shiga tsakanin ƙauyuka sabis ya faɗi, labarai su tsaya ana tsakiyar magana, fasinja su ce direba ƙara murya, alhali ba murya ba ce. Wani ɗan makaranta da na ɗauko ya shiga saitin VLC ɗina ya ƙara abin da take tarawa kafin ta fara magana, ya mayar da shi 5000, ya ce daƙiƙa biyar kenan. Yanzu tana ɗan jinkiri wajen tashi, amma ƙananan ramukan sabis tana tsallake su ban ma sani ba. Inda babu sabis ɗungurungum kam sai in koma FM.

Adda_Tunfure:
Ni ban yarda a ce wa kowa ya koma 32 ba. Don magana ya wadatar, na ji. Amma ku saka kiɗan kalangu ko waƙar da ke da ganguna a 32, ku haɗa da lasifika mai kyau ta Bluetooth, za ku ji ƙarfe-ƙarfe a saman sautin. A ofis muna da Wi-Fi, 128 nake saka abina. Kuma Radio Garden nake buɗewa, in juya taswirar duniya in taɓa ɗigon Yamai ko Makka ko Kumasi in ji me suke ciki. Tana ɗan cin batir, na sani.

Wani abu kuma, tsohuwar kwamfutar gidanmu duk tashar AAC+ da na buɗe sai ta fito a toshe kamar an kifa mata ƙwarya, MP3 kuma lafiya lau. Me ke jawo haka?

Mai_Gyaran_Waya_Pantami:
Adda, gaskiyarki a kan kiɗa. Na kwamfutar kuma, AAC+ kashi biyu ne: gindin sautin, da wani ɗan bayani da ake sake gina siririyar muryar sama da shi. Tsohuwar manhajar da ba ta san kashi na biyun ba gindin kaɗai take bugawa, shi ne toshewar da kike ji. Sauya manhajar, kwamfutar ba ta da laifi.

Bappa_Kumo:
'Ya'yana, ga abin da ban ga an ambata ba, kuma ni shi ya fi damuna. Rediyon intanet a baya yake tafiya. A azumin da ya wuce na ajiye akwati da waya gefe da gefe a kan tabarma, tasha ɗaya, ladan ya kai hayya alas salah a akwati, a waya ko kabbarar farko bai yi ba. Ga buɗa-baki babu komai, jinkiri ne kawai. Amma mai sahur da ke jiran kiran assalatu a waya yana iya ci gaba da cin abinci alfijir ya riga ya keto. Na gargaɗi iyalina, tafsiri a ji a waya, lokacin salla kuma a bi masallacin unguwa. Direba ma ya sani, tarawar da ya ƙara ta daɗa masa wannan jinkirin.

Dan_Bajoga_a_Legas:
Allah ya saka da alheri Bappa. Mu da ke nesa da gida, shirye-shiryen Gombe sau da yawa a Facebook muke samunsu kai tsaye, da hoton ɗakin watsawa. Hoton nan ne ke shanye data, alhali murya kawai muke nema. Ina roƙon gidajen rediyonmu su riƙa ba da hanyar murya zalla, mara nauyi, su rubuta adireshinta a fili.

Tela_Herwagana:
Na gode ƙwarai. Na sauke VLC ɗin, amma tana neman adireshi. A ina ake samo shi?

Mai_Gyaran_Waya_Pantami:
Duba shafin tashar, ka nemi adireshin da ya ƙare da .m3u ko .pls ko .m3u8, ka kwafe shi ka liƙa a wurin saka adireshi na VLC. Biyun farko ɗan rubutu ne kawai da ke nuna inda sautin yake. Na ukun shi ne HLS na kamfanin Apple, yana aiko sauti gunduwa-gunduwa, shi ya sa ya fi sauran jinkiri. Idan tasha ta ba da biyu, ɗauki mai ƙaramar lambar kbps. In ya gagara, biyo da wayar zuwa Pantami bayan la'asar in jera maka su.