Rediyon mota mai allo: Android zan saka ko mai aiki da waya?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce da ni ƙirar 2010, har yau rediyonta na asali ne, CD da FM kawai. Ina so in saka mai allo saboda taswira da kyamarar ribas, don na gaji da liƙa waya a gilashi rana tana dafa ta. Iri biyu na gani. Akwai na Android masu inci 9 ko 10 da ba sunan kamfani a jikinsu, akwai kuma irin su Pioneer da Kenwood, sun fi tsada, allonsu kuma bai kai wancan girma ba. Abin da ya sa na dakata, abokina ya saka na Android, yanzu in motarsa ta kwana biyu a ajiye sai an aro batir kafin ta tashi. Laifin rediyon ne? Sannan maɓallan sitiyari za su ci gaba da aiki?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zargi rediyon a fara duba hannun da ya haɗa shi. Wayoyin wuta biyu ne ke shiga bayansa. Mai ruwan ɗorawa daga batir take zuwa kai tsaye, ita ke riƙe agogo da saitin da ka yi. Jar kuwa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Mai gaggawa sai ya murɗe su wuri guda ya naɗe da salatif, shi ke nan rediyon ba zai san an kashe mota ba. Allon ya yi duhu, amma yana ta shan batir har gari ya waye.

Abokinka ya sa a gwada masa da mita: mota a kashe, ƙofofi a rufe, a ɗan jira komai ya lafa. In ƙarfin wutar da motar take ja daga batir bai wuce miliyamf 50 ba, lafiya lau. In ya haura sosai, a zare fiyus ɗin rediyo a ga ko zai sauka.

Kai kuma kada ka yarda a yanka maka waya ko ɗaya. Akwai soket da aka yi daidai da na Toyota, da firam ɗin dashbod na ƙirar motarka. Maɓallan sitiyarinka ba su da wuya, a haɗa su da wayoyin da aka rubuta KEY1 da KEY2 a bayan rediyon, sai ka shiga saiti ka koya wa rediyon kowane maɓalli. Sababbin motoci ne ke neman ƙaramin akwatin CAN bus, mai fassara wa rediyo saƙonnin kwamfutar mota.

Direban Dare:
Ni dai irin su Pioneer da Kenwood masu Android Auto da CarPlay, wato tsarin haɗa wayar Android ko iPhone da allon mota, nake ba kowa shawara. Wayarka ce ke aikin, allon nunawa kawai yake yi. Ka sauya waya, rediyon ya zama sabo. Waɗancan marasa suna kuwa, Android ɗin da suka zo da shi da wuya a sabunta shi, wasu ma lambar da suke nunawa a saiti ta ƙarya ce. Mai RAM (ma'adanar da manhajoji ke aiki da ita) gigabayit 2 in ka buɗe taswira da kiɗa tare, sai ka wuce kwanar kafin ya ce ka juya. Kuma haɗa wayarka da rediyon da igiya ya fi, haɗawa ba igiya yana zafafa waya yana cinye cajinta.

Hajiya Mai Tafiya:
Ɗan'uwa Direba, ka yi musu kuɗin goro. Nawa Android ne mai gigabayit 4, ban ga nauyin da kake faɗa ba. Na sauke taswira a manhajar OsmAnd, ko ba sabis ko wayata ta mutu ina ganin hanyata, tunda GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, ba ruwansa da data. Sai dai eriyarsa, kada a cusa ta ƙarƙashin ƙarfe, roba ba ta tare ta amma ƙarfe yana tarewa. Mai Corolla, ka nemi allo IPS, wanda ake gani sosai ko daga gefe, kuma ka ce a fito maka da makirfo na waje kusa da madubi. Na jikin rediyon, wanda kake waya da shi ƙarar esi zai fi ji.

Mai Corolla:
Na gode ƙwarai. Oga Mai Wayarin, kyamarar fa, a ina za ta sami wuta?

Mai Wayarin:
Daga fitilar ribas. Igiyar hoton tana zuwa da 'yar siririyar waya a kowane baki, ta baya a haɗa da fitilar, ta gaba a haɗa da wadda aka rubuta REVERSE ko BACK a bayan rediyo. Da ka sa ribas allo zai juya da kansa. Ka tsaya a gwada a gabanka kafin a mayar da dashbod, har da kashe mota a zare makulli.