Amosanin gaɓɓai ya hana ni riƙe almakashi da safe, ku ya kuke yi?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ce a Funtuwa, shekarata 37, 'ya'yana huɗu. Wata takwas ke nan da likita ya tabbatar min ciwon da ke cin hannuwana amosanin gaɓɓai ne, irin wanda suke kira rumatoyid, bayan an ɗebi jinina an yi gwaje-gwaje. Ya ce garkuwar jikina ce ta juya take yaƙar gaɓɓaina. Ya ɗora ni kan methotrexate sau ɗaya a mako da folik asid, kuma gaskiya na samu sauƙi, ba kamar da ba.

Amma safiya ce matsalata. Idan na tashi da asuba yatsuna duka hannu biyu sun sandare, ko dunƙule hannu ba na iyawa. Buta ma da kyar nake ɗaga ta, ruwan sanyi kuwa a wannan hunturun kamar ana soka min allura. Sai wajen ƙarfe tara suke sakina. Jiya atamfar wata amarya na shimfiɗa zan yanka, na sa babban yatsa a kunnen almakashi, ya ƙi matsuwa. Na zauna ina kallon atamfar ina hawaye, don da ɗinkin nan nake biya wa yara kuɗin Islamiyya. Matse wanki, tuƙa tuwo, tsugunno a ban ɗaki, duk sun zame min aiki.

Surukata kuma ta dage wai sanyi ne ya shige ni saboda ban yi wankan jego da kyau ba, in bar ƙwayoyin asibiti in sha wani haɗi da ta aiko min a gora. Ba na son saɓa mata. Don Allah wanda ya daɗe da ciwon nan ya faɗa min yadda yake tafiyar da yininsa.

Hajiya Mai Ƙosai:

Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 11 nake tare da shi, kuma in da za ki ga hannuna na dama da ba ki ƙara kallon gorar nan ba. Yatsu uku sun karkace sun nufi wajen ɗan ƙaramin yatsa, ba za su sake miƙewa ba. Na taɓa ajiye maganin asibiti har shekara biyu ina bin masu haɗi. Wani da na riƙa sha kwana uku ya tsayar min da ciwo, na yi ta murna, sai fuskata ta kumbura ta yi suntum, sukari ya hau. Da na koma asibiti likita ya ce ga alama an zuba ƙwayar sitiroyid, mai danne ciwo da kumburi, a ciki. Ciwo ya yi shiru, gaɓa kuwa tana ci gaba da lalacewa. Kuma wankan jego ba ruwansa, ni arba'in cif na yi da darbejiya a kowace haihuwa, har maza ma suna kamuwa da shi.

Ga abin da nake yi. Tun da dare nake cika filas biyu da ruwan zafi in ajiye a bakin gado. Kafin in sauko sai in ɗan motsa yatsu a cikin bargo, in buɗe in rufe a hankali, in juya wuyan hannu da idon sawu. Sannan in sirka ruwan ya zama ɗumi, in tsoma hannu cikin roba kamar minti goma ina matsa soso. Da sauran nake alwala. Wannan kaɗai ya rage min rabin wahalar asuba. Amma ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi rau, ba ɗumi take so ba, ƙanƙara nake naɗewa a tsumma in ɗora.

Ke kuma ki juya tsarin aikinki. Yanka ya koma bayan azahar lokacin da hannu ya saki, da safe ki yi awo da karɓar kaya. Ki naɗe kunnen almakashi da ƙyalle ya yi kauri, haka muciya da ludayi, don riƙe abu siriri shi ke gallabar yatsu. Tukunya ki ɗauke ta da tafin hannu biyu, jaka ki rataya a gwiwar hannu. Ni kafinta na sa ya yi min kujera mai rami na ɗora a kan masai, tun daga nan gwiwata ta huta. Kuma kada ranar da kika ji daɗi ki ce sai kin gama aikin mako, kwana biyu za ki yi a kwance kina biya.

Nas Abu Hanifa:

Hajiya ta gama magana kan gida, ni maganin zan taɓo. Methotrexate sau ɗaya ne a mako, ba kullum ba. Ki tsayar da rana guda, ki rubuta a jikin kwalin, don shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa. Kada ki haɗa shi da Septrin, wanda masu kemis ke saurin bayarwa in an ce tari ko ciwon mara, haɗuwarsu tana durƙusar da ɓargon da ke samar da jini. Duk inda za a rubuta miki magani ki fara faɗin kina shan sa. Ki riƙa zuwa gwajin jini da na hanta a lokutan da aka sa miki, in kuma kika ga gyambo a baki, zazzaɓi ko numfashi na sarƙewa, ki tafi asibiti a ranar.

Abu mafi muhimmanci a shekarunki: methotrexate yana yi wa ɗan tayi illa sosai. In kuna da niyyar ƙarin haihuwa, ku je wajen likita ke da maigida tun kafin ciki ya shiga, akwai magungunan da ake canzawa. Diclofenac kuma, ƙwayar rage ciwo, kada ya zama abincinki, yana cin tumbi da ƙoda.

Sandarewar da ke kai ki har ƙarfe tara bayan wata takwas kan magani, ki faɗa wa likita da adadin awannin, ƙila ya ƙara maganin ko ya haɗa da wani. Ki riƙa tafiya a ƙasa ko minti ashirin ne da yamma, zama wuri ɗaya ƙara ƙage gaɓa yake, ga shi ciwon nan yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Ki kula da dasashi da haƙora. In maigida na shan taba, ya fita da ita waje.

Baban Khalifa:

Matata ke da shi. Abin da ya fi damunta da farko sallah ce, tana ganin in ta zauna a kujera kamar ta rage wani abu. Sai da malaminmu ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, sannan hankalinta ya kwanta. Batun surukarki kuwa, ba ke za ki tunkare ta ba, aikin mijinki ne. Ni mahaifiyata na ɗauka muka je asibiti tare, ta ji da kunnenta. Yanzu ita ke tuna mata ranar magani.

Maman Ilham:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na gwada filas ɗin yau, kafin ƙarfe bakwai da rabi na iya ɓalle maɓallin rigar Ilham da kaina. Nas, ka tsoratar da ni da batun Septrin, don watan jiya saura kaɗan in saya wa kaina. Na rubuta Talata da jan biro a kwalin. Baban yara ya ce ranar Alhamis da za mu koma ganin likita zai biya ya ɗauko mahaifiyarsa. Atamfar amaryar na yanka ta ɗazu bayan azahar. Hajiya, kujerar nan tsayinta nawa kika sa aka yi?