IT na shekara ɗaya bayan ND, Kano ko Abuja?

Sadiq Kazaure: Salam 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Na gama ND, wato ƙaramar difloma ta poly, a ɓangaren kwamfuta, sakamako ya fito alhamdulillah, yanzu saura IT ɗin nan, wato horon aiki a kamfani, na shekara ɗaya kafin na nemi HND, babbar difloma. Wuri biyu ne a gabana, akwai wani ƙaramin kamfanin intanet a Kano masu ja wa ofisoshi da makarantu waya, sun ce ba sa biya sai ɗan kuɗin mota, sai kuma wani babban kamfani a Abuja da kawuna ya ce zai sama min ta hannun abokinsa. Wanne kuke gani?

Abba Fagge: Abuja mana, wannan ai ba abin tambaya ba ne

Ɗan Zazzau: Bakano da son suna. Ko tambayar me ake yi a kamfanin bai yi ba hhhh

Abba Fagge: Kai dai bari manya su yi magana

Nura IT: Wa alaikumussalam. Sadiq ƙanena tsaya ka ji nawa tukuna, ba cewa na yi kar ka je ba amma ka ji. Ni a Abuja na yi, kamfanin ba sai na faɗi suna ba, irin masu gilashi tun daga sama har ƙasa ɗin nan, ana rataya maka kati a wuya ka yi hoto ka sa a status kowa yana ta Allah ya sanya alheri. Shi ma nawa ta hanya aka samar min, to matsalar wanda aka kawo ta hanya ita ce babu sashen da ya nemi a kawo shi, kai dai an jefo ka ne, manajan bai san me zai yi da kai ba kuma ba zai iya korarka ba saboda kunyar wanda ya turo ka. Aka ba ni kujera kusa da firinta. Wallahi aikina kenan, fotokofi, canza tona, oga ya aike ni siyo abinci, a ce je ka duba me ya sa na'urar haska bango ta ɗakin taro ba ta kawowa, in je in tarar ba a jona ta da wuta ba ne. Ɗakin da manyan na'urorin suke ko leƙawa ba a bari na yi, wai doka ce sai ma'aikaci na dindindin, kuma ban ga laifinsu ba tunda bayanan mutane ne a ciki, amma to ni me na zo yi kenan. Masu rubuta manhajar kuma yawancinsu daga gida suke aiki, sai ka yi sati ba ka ga ƙeyar kowa ba, wanda ya shigo ma abin ji ne a kunnensa ba ka isa ka taɓa shi ba.

Nura IT: Sai maganar zama. A Mararaba na sauka wajen wani ɗan garinmu, duk wanda ya san hanyar Nyanya da safe ya san me nake nufi, in ba ka fita da an sallame asuba ba to ka makara, kuma lokacin ne aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, ɗan abin da suke ba ni kafin tsakiyar wata ya ƙare a mota sai na kira gida. Da na gama kuma takardar shaidar kammalawa ta zama aiki, yau mai sa hannu ya yi tafiya gobe yana taro, ga shi ana ta tantance 'yan HND, sai da wanda ya kai ni ya sake ɗaga waya sannan aka ba ni. Na koma aji, yaran da suka yi nasu a ƙananan shaguna suna haɗa netwok da hannunsu ni kuwa sai labarin lifta da AC.

Ummi Kadpoly: Allah sarki Yaya Nura

Ɗan Zazzau: Amma ai ka iya fotokofi yanzu, ka buɗe shago a bakin poly kawai

Nura IT: Allah ya shirye ka

Abba Fagge: Ni dai na san sunan kamfani a CV yana aiki. Ba kowa ne zai faɗa irin wajen da Nura ya faɗa ba

Ummi Kadpoly: Yana aiki har zuwa ranar intabiyu, daga nan sai a ce buɗe laftof nuna mana abin da ka yi. Ni a nan Kaduna na yi nawa a wani ɗan kamfani da duka ma'aikatan ba su cika ɗaki ɗaya ba, suna yi wa makarantu masu zaman kansu manhajar biyan kuɗi da fitar da sakamako. Satin farko ogan ya ce in ban iya Git ba, wato manhajar da ake adana kod da bin diddigin gyare-gyarensa, kar na taɓa masa komai, na zauna na koya dole, daga baya ya fara ba ni ƙananan gyare-gyare, in na tura ya duba ya dawo min da shi duk ja, wani lokacin har raina ya ɓaci, amma kafin na bar wajen ni nake zuwa makarantun ina nuna wa malamai yadda za su shigar da maki. Don haka ni abin da zan ce Sadiq ka tambaya a duka wuraren biyu shi ne wa zan zauna a ƙarƙashinsa, kuma ɗan IT ɗin da ya gabace ni me ya yi. In za ka iya samun lambar wanda ya yi a can bara ka kira shi, shi zai faɗa maka gaskiya ba ofishin ɗaukar ma'aikata ba.

Sadiq Kazaure: Na gode Anti Ummi. Na Kanon akwai wani ɗan makarantarmu da ya yi a can, zan neme shi

Maman Hanif: Dan Allah in ɗan shigo, ƙanwata ma za ta fita bana. ITF, hukumar nan ta horas da ma'aikata, za su biya ta alawus na shekarar?

Malam Bashir: Hajiya abu biyu ne mutane suke haɗawa. Akwai SIWES, shi ne wanda ɗan poly yake yi wata 4 bayan ND1, 'yan jami'a kuma galibi wata 6, da logbuk da malami mai zuwa dubawa, wannan shi ne yake ƙarƙashin ITF, su suka kafa shi tun 1973, ita hukumar kanta 1971 aka kafa ta. Shi kuwa na shekara ɗayan nan bayan ND sharaɗi ne na shiga HND, tsakanin ɗalibi ne da wajen da ya ɗauke shi, ni dai a ɗalibaina ban ga wanda aka biya alawus ɗin SIWES a kansa ba. Abin da kamfani ya ba ta shi ne nata.

Maman Hanif: Toh Malam na gode, gara da na tambaya dan har ta fara lissafin kuɗin

Malam Bashir: Sadiq kuma akwai abin da ban ga wanda ya ambata ba. Tun 2024 NBTE, hukumar da ke kula da poly, ta raba HND ɗin kwamfuta gida huɗu, akwai na AI, akwai na netwokin da cloud, akwai na haɗa manhaja da shafukan intanet, sai na tsaron intanet da kare bayanai. To ka fara yanke wanda za ka shiga, sannan ka duba makarantar da kake so ko tana yinsa, dan ba kowace ce take da duka huɗun ba. In netwokin ne ranka yake so, wannan na Kanon masu jan waya ai kamar dan kai aka buɗe shi. In manhaja ce to jan waya ba zai kai ka ko'ina ba.

Sadiq Kazaure: Gaskiya Malam netwokin nake so, kodin yana ba ni ciwon kai

Injiniya Kabiru: To magana ta ƙare. Zo Kano ka sha rana. Za ka koyi matse kan waya har ka haddace jerin kalolin kamar karatun allo, fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, za ka gane da idonka dalilin da ya sa ba a jan wayar netwok ta Cat6 ta wuce mita 100, za ka taɓa na'urorin rarraba intanet na MikroTik, in suna da injin haɗa faiba kuma ka manne wa mai riƙe da shi kar ka sake shi, dan masu iya wannan ba su da yawa kuma ana nemansu. Da dare kana karatun CCNA, satifiket ɗin netwokin na kamfanin Cisco, abin da ka gani da rana shi za ka tarar a littafin. Sharaɗi ɗaya, duk wanda ya ce ka hau ƙarfen sabis ba bel ba hular kwano ka ce a'a ko waye shi, ɗan IT ba shi da inshora a yawancin wuraren nan, in ka faɗo iyayenka ne da asara.

Ɗan Zazzau: Injiniya ya ce zo Kano kamar shi zai ba shi masauki

Injiniya Kabiru: Kazaure zuwa Kano ai ba nisa, ba kamar ku da sai an yi muku bayanin menene intanet ba

Ɗan Zazzau: Mu da muke da ABU? Kanawa ku tsaya a Kantin Kwari kawai, ilimi ku bar wa masu shi

Mubarak: Ni duk ban ga amfanin wahalar nan ba wlh. In kana da upper credit ka sayi fom ɗin DE a JAMB, na shiga jami'a kai tsaye, ka shiga aji biyu a BUK ko jami'ar Dutse, ka huta da IT ka huta da wulaƙancin da ake yi wa HND a aikin gwamnati

Ummi Kadpoly: An fara

Nura IT: Mubarak DE ɗin ai ba a hannunka take ba, gurbi nawa ake ba su? In ya zauna jira bai samu ba ya yi biyu babu, ba IT ba jami'a. Ya saya yana IT ɗinsa mana, wanda ya fito shi kenan

Mubarak: Ni dai gaskiya nake faɗa, majalisa ta amince da ƙudirin cire bambancin HND da digiri tun 2021 ba a sa hannu ba, kana gamawa wani yaro mai digiri ya zama oganka

Injiniya Kabiru: A gwamnati kenan. Ni tunda nake zuwa gyara wa mutane netwok babu wanda ya taɓa cewa nuna min satifiket, intanet ɗinsa ya dawo kawai yake so

Mubarak: Ba kowa ne yake son yawo da tsani a kafaɗa ba

Injiniya Kabiru: Mai tsanin ne dai ya sa kake iya turo wannan saƙon

Admin: Jama'a dan Allah maganar HND da digiri mun yi ta ta ishe mu a zauren nan. Yaro shawara ya nema

Hafsat M.: Ni ƙarin da zan yi, ko ina ka je kar ka tsaya a ofis kaɗai. In Kano ce akwai Startup Kano, in Kaduna ce akwai CoLab, cibiyoyi ne na masu fasaha, ana taruka, ga taron DevFest da 'yan GDG, ƙungiyar masu manhaja ta Google, suke yi wajen ƙarshen shekara, a irin wuraren nan ake jin inda ake neman mutum. Kuma in aka buɗe rajistar 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar kwamfuta, ka cika, kyauta ne. Sannan ka ringa rubuta abin da ka yi kullum ko da babu mai duba maka logbuk a wannan karon, da hotuna in an yarda ka ɗauka, ranar rubuta CV za ka gode min.

Maman Hanif: Hafsat ke da kika yi a Abuja ya kika yi da masauki? Baban yaran nan ya ce mace ba za ta je inda ba dangi ba

Hafsat M.: A Kubwa na zauna gidan yayar mamanmu, ba dan haka ba da ba za a bar ni ba nima. In ba ku da kowa a can Anti ku nema mata a garinku kawai, hankalin kowa ya kwanta

Sadiq Kazaure: Na gode sosai kowa da kowa. Matsalar yanzu kawu ya riga ya yi wa abokin nasa magana, har ya ce na turo takarduna. Ban san ta yadda zan ce masa na fasa ba

Nura IT: Kar ka ce ka fasa. Ka je har gida ka gaishe shi, ka ce Malaminku ya ce layin da za ka bi a HND sai wajen da ake aikin netwok da hannu, in ya so a ajiye maka alfarmar Abujan zuwa bautar ƙasa

Malam Bashir: Wato ni za a jingina wa

Nura IT: Ai kai ka faɗa Malam, ga shi nan a sama a rubuce

Abba Fagge: In ba ka so ka turo min lambar kawun ni ina so

Mubarak: Wai akwai wanda ya san nawa ake sayar da ThinkPad na hannu yanzu a Beirut Road? Mai RAM 8

Ɗan Zazzau: Ina da ɗaya, batirin ne kawai sai a hankali

Admin: Ba a talla a nan, ku koma ta bayan fage