Wai ƙaramar hukuma na da ta cewa a batun sola da rage hayaƙi, ko dai fitilun titi ne kawai?

Abban Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ina da tambaya. Kullum a rediyo sai ka ji ana ta maganar sauyin yanayi, wai Najeriya ta yi alƙawari a taron Gilasgo na 2021 cewa nan da 2060 za ta shawo kan hayaƙin da take fitarwa, to ni dai duk wannan maganar manya ce ta Abuja. Mu nan ƙasa abin da muka gani da ido shi ne fitilun sola da ciyaman ya sa aka kakkafa a layinmu da bakin kasuwa, aka yi taro aka ɗau hotuna, yanzu kusan rabi sun mutu, sauran kuma kafin goman dare sun ɗauke. Shin iyakar abin da ƙaramar hukuma za ta iya ke nan? Ina so in san me za mu riƙa tambayar kansila in ya zo neman ƙuri'a.

Mai Sola:
Wa alaikumus salam Abban Ilham. Wannan sana'ata ce bari in faɗa maka abin da ke kashe fitilun nan, ba solar ce ba ta da kyau ba wlh. Yawanci ɗan kwangila mai arahar zai kwaso, farantin sola ɗan ƙarami batir ɗan ƙarami, a jikin kwali an rubuta wat mai yawa amma ƙarya ce zalla. Ga zafin garinmu da ke cinye batir, balle irin na da mai ruwan asid, na litiyam ya fi jurewa amma shi ma in ba mai kyau ba ne ba ya zuwa ko'ina. Sai hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe farantin ba mai gogewa, cajin da zai samu da rana ya ragu, shi ya sa ka ga tun da wuri ta mutu. Kuma abin haushin ana ware kuɗin kafawa ba a ware na gyara, in fitila ta mutu ta mutu ke nan sai wani ciyaman ya zo ya ba da sabuwar kwangila, a kafa sabon turke kusa da tsohon.

Ni da za a ji tawa da rijiyoyin burtsatse za a fara, don famfon sola ba ya ma buƙatar batir, rana na fitowa yana tura ruwa cikin tanki, da dare a ɗiba daga tankin, ba dizal ba janareto ba ƙara. Haka firjin ajiye alluran rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, akwai irin wanda kai tsaye yake aiki da rana ya daskarar da ƙanƙara ta riƙe sanyin har safe. Amma fa waɗannan ba sa haska titi kowa ya gani ya ce ciyaman na aiki, ka gane ai.

Tsohon Ma'aikaci:
Injiniya ka yi magana. Ni ta ɓangaren doka zan ɗan tofa. A kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na huɗu, an lissafo ayyukan ƙananan hukumomi, ciki akwai fitilun titi da kwashe shara da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. In ka duba da kyau ai nan hayaƙin namu yake, bolar da ake cinna wa wuta da leda a ciki, tayoyin da ake babbake fata da su a wasu mayankan, janaretocin kasuwa da kowane shago da nasa. Ba ma da manyan masana'antu irin na Turai, don haka kada a raina rawar ƙaramar hukuma.

Matsalar kuɗi ce. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, gwamna ke riƙe da wuƙa da nama, ciyaman ya biya albashi ya zauna. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, aiwatarwa kuma aka shiga jan ƙafa. Sannan dokar lantarki ta 2023 jihohi ta buɗe wa ƙofa su tsara harkar wutarsu, ba ƙananan hukumomi ba, to babban aiki dole sai an bi ta jiha ko tarayya. Misali tashar sola mai megawat 10 da ke Chalawa wadda Buhari ya buɗe a Janairun 2023, tarayya ke da kashi 80, jihar Kano 15, ƙaramar hukumar Kumbotso na da kashi 5. Kaɗan ne amma dai hannun jari ne.

Maman Husna:
Ku maza kullum wuta da fitila, ba wanda ya taɓo murhu. Hayaƙin da ya fi cutar da mu a cikin gida yake, itace da gawayi, mace na tsugune a kai ga goyo a baya ido na ruwa yaro na tari. Gas ya yi tsada mutane da yawa sun ajiye tukunyarsu sun koma gawayi, kuma kowa ya san daga dajin da ake sarewa yake zuwa. In da gaske ake a koya wa maƙera da masu ginin tukwane yin murhu mai cin itace kaɗan a sayar da rangwame, ba rabon hoto ba da ake kiran mata hamsin a sakatariya a sallami sauran.

Abban Ilham:
Hajiya kin yi gaskiya, Allah ya ba ku haƙuri. Injiniya to batun janaretocin kasuwa da Baba ya ambata fa, shi ma sai an jira kuɗin gwamnati?

Mai Sola:
A'a ba dole ba ne. A kasuwar Sabon Gari ta Kano an yi irin wannan wajajen 2018 ƙarƙashin hukumar samar da lantarki a karkara, kamfani mai zaman kansa ya zuba farantai a kan rufin shaguna, 'yan kasuwa na biyan kuɗin wutar da suka sha, kuma tun da cinikinsa ne in ta lalace shi zai fi kowa gaggawar gyarawa. Yanzu da aka cire tallafin fetur tun Mayun 2023 ma lissafin ya fi fitowa, mai shago ya san abin da janareto ke ci masa a wata. Ciyaman nasa kawai ya ba da izini da wuri ya zaunar da shugabannin kasuwa a yi yarjejeniya a rubuce kan farashi. Shi kuma kansilanku in ya zo ku tambaye shi shekara nawa ne garantin batiran da aka saka muku, kuma wa aka ɗora wa alhakin goge farantan. In akwai samari masu hankali a layin ku samo doguwar tsani su fara gogewa da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe kafin farantin ya yi zafi, wasu daga cikin waɗanda ke ɗaukewa da wuri za su ƙara awanni.